Yatsun Gwaggo

Gwaggo, yayar babana, ba ta iya bayani ba. Shekara ashirin da wani abu tana koya wa yara ginin yumɓu a wani ɗaki da ke bayan makarantar firamare, amma ka tambaye ta kaurin da ya kamata kwano ya yi, sai ta dube ka kamar ka zage ta. Koyarwarta ita ce ta tsaya bayan yaro, ta ɗora hannunta kan nasa, su murza yumɓu ya yi tsawo kamar igiya, su naɗa shi zagaye-zagaye har kwano ya tashi.

In an gama, sai a yi layi. Ta rufe ido, ta bi jikin kowane gini, babban yatsa a ciki, manuniya a waje. Inda ya yi kauri ko iska ta maƙale, nan take za ta ji. "Koma ki cuɗa." "Kai, rarake cikin giwar nan." Abin da hannunta bai yarda da shi ba ba ya shiga tanderu, domin guda ɗaya in ya fashe a wuta sai ya tafi da na kusa da shi.

Bara ciwon suga ya sauko mata a yatsu. Ni na fara ganewa, ranar da ta sauke tukunya daga wuta da hannu, ta ƙone, ba ta ma sani ba sai da na nuna mata. Likita bai ɓoye mana ba, ya ce jijiyar da ta mutu ba ta dawowa.

A hanyar gida na ce, "Gwaggo, ki gaya wa shugabar makaranta."

"In gaya mata me? Ta sallame ni in zauna ina kallon bango?"

"To yaya za ki yi da layin?"

"Ke dai tuƙa motarki."

Raina ya ɓaci, wallahi, amma mace ce da ta goye ni, ba zan je in tona mata asiri ba. Na koma kai ta ajin duk Asabar, ina zaune a bakin ƙofa ina kallo. Layin bai fasa ba. Tana rufe ido, tana bin kwanukan da yatsun da ba sa jin komai, tana gyaɗa kai. Kowa ya wuce. Yara har murna suke, wai Malama ta yi sanyi. Ni kuwa na rasa abin yi.

Ranar gashi, gini ashirin da shida aka jera a tanderu. Wuta ba ta yi nisa ba muka ji tas, can kuma wani tas. Gwaggo ta zauna a kan benci, ba ta dube ni ba. Washegari da aka buɗe, tara ne suka tsira. Yara suka durƙusa suna tona ɓaraguzai, wannan ya tsinci kunnen zomonsa, waccan gindin kofin da ta yi wa kakarta. Shugaba ta ce ƙila tanderun ne ya lalace. Gwaggo ta bar ta da zatonta, ni ma haka. Mai gyara ya zo ya duba, ya ce lafiyarsa lau.

Asabar ta zagayo, yara suka sake gini, suka yi layi. Ta farko wata 'yar fitinanniya ce da suke kira Tsinke. Ta miƙa kwanonta.

"Malama, taɓa ki ji. Wannan ba zai fashe ba, ko?"

Gwaggo ta karɓa, ta rufe ido. Ta daɗe tana juya shi, har na baya suka fara leƙe. Sai ta buɗe ido ta yafito ni.

"Zo ki taɓa mini," ta ce a hankali. "Nan, kusa da gindi. Me kika ji?"

Na sa yatsa ciki da waje yadda take yi. A gidanta na girma, cikin yumɓun nan, ban taɓa zama na koya ba, wai yana ɓata farce. Na matsa, na sake matsawa, yara goma sha huɗu suna kallona.

"Sanyi kawai nake ji, Gwaggo."