Muryar Inna a Bakin Tabkin Madarumfa

Mun tashi da asuba daga Maraɗi, ni da maiɗakina, ordinatar ɗinta, wato kwamfutar wurin aiki, naɗe cikin zane a kan cinyarta. Dala ɗari da hamsin kowa ya biya, aka cusa mu cikin mota tsakanin buhunan wake. Gero ya yi kai dama da hagu, amalanken jakuna na ba mu hanya in sun ga dama.

Kawu, ƙanen mahaifiyata, masunci ne a Madarumfa. Shi ya aiko cewa wayarsa ta kama hanyar mutuwa, kuma a cikinta akwai maganar da Inna ta bar mini kafin ta rasu, ina can ci-rani a Najeriya. Shekara biyu ina jin tsoron sauraronta.

Da hantsi muka isa. Tabkin ya shimfiɗe har ido ya gaji, manyan itatuwa tsaye cikin ruwa, fararen tsuntsaye sun rufe rassansu. Na shagala da kallo. Matar Kawu ce ta dawo da ni da soyayyen kifi da yaji mai sa hawaye.

Wayar 'yar ƙarama ce mai maɓalli, an ɗaure ta da roba. Lasifikarta ta mutu tun da ta faɗa ruwa. Muka haɗa su da igiya, ordinatar bai gan ta ba. Rezo kuwa, wato sabis ɗin waya, babu ko ɗigo.

"To shi ke nan, ɗana," in ji Kawu. "Ta tafi da maganarta."

Maiɗakina ta ce, "Kawu, a ba ni in gwada bulutut."

Ta latsa nan, ta latsa can, ta aje wayar da ordinatar kusa da juna a kan tabarma. Babu igiya, babu kiredi, babu abin da ya taɓa wani. Sai wani ɗan layi ya fara cika a hankali a fuskar ordinatar, batirin wayar kuwa ya kusa ƙarewa. Kawu ya wuce da tafin hannunsa tsakaninsu, ya duba, ya ce, "Ikon Allah! Ta ina take bi?"

Layin ya cika. Sai ga muryar Inna, da 'yar tarinta da na sani: "Ka ci abinci, kar ka zauna da yunwa a garin mutane. Na yafe maka duniya da lahira."

Kawu ya juya yana gyaran komarsa, wadda ba ta da abin gyara.

Kafin la'asar mun tura maganar a wayata, da ta matar Kawu, da ta ƙanwar Inna da ta zo daga Gabi.

Mun shigo Maraɗi ana kiran magariba. Na koyi cewa abin da kake ƙauna kada ka bar shi wuri guda, kuma kada ka jinkirta jin sa. A ƙofar gida na tsaya, na sayi tuwo, na cinye tas.