Ƙasar gida da na ɗauko bisa jaki

Ni dai tun ina saurayi wayona ya fi hankalina yawa, karatuna kuwa ko izu ɗaya bai kai ba, don haka in kun ga zancen ya karkace ku yi haƙuri. Bayan shekarar fara, muna Tamaske, munka yi faɗa da wana kan gonar babanmu. Na rantse zan tahi in sari daji inda ba mai ce mini matsa. Kakata, wadda ba ta saki al'adun mutanen dā ba, ta ce sabuwar ƙasa ba ta san baƙo ba, in ɗebi danƙi guda na ƙasar gonar gida in gauraya da iri. Danƙi guda ta ce. Ni kuwa na ce in danƙi na kawo albarka, ina ga mangala? Na cika mangala daga wata kusurwa da anka bar nomawa tun ina yaro, don can ne wana ba ya leƙawa. Ban tambayi kaina abin da ya sa anka bar ta ba.

Na sauka wani daji bayan Karofane, ni da jakina, ko hayaƙi ba ka hangowa. Zabbin daji na kallona kamar wanda ya shigo gida ba sallama. Da jaki nike hira. Ranar da na ga ɓera cikin bukkata, wanda na tabbata cikin kayana ya zo, har gaishe shi na yi, na tambaye shi mutanen gida.

Damanar farko hatsi ya yi kyau. Sabuwar ƙasa ce ta yi aikinta, amma na ce asirin mangala ne. Sai mutane sunka biyo ni, wasu don gudun aikin tilas na Nasara, wasu don gona ta yi musu kaɗan. Matata ta zo da ɗiya, kaji da awaki sunka cika wuri, daji ya zama tunga, barewa ta ja baya. Kowa ya zo sai in ɗebo masa ƙasar gonata ya gauraya da irinsa, ina hura hanci kamar maigari.

Sannan ƙuduji ya tsiro, wanga haki mai kyan fure da ke kama saiwar hatsi ya shanye ta. Gonata ya fara kamawa, ya bi gonar duk wanda na yi wa kyauta, har daga nesa kana iya gane abokaina. Hatsi ya tsaya iya gwiwa. Munka tuge, munka ƙone, ya dawo. Mutane sunka ɗaure kaya sunka yi arewa, sunka ce kada in bi su, har takalmansu sunka kakkaɓe a bakin tunga. Daga baya na ji can ma ƙudujin ya same su, cikin irin da sunka tahi da shi. Matata ta ce za ta kai ɗiya ganin gida, ganin da ya ci shekaru. Kunya ta hana ni bin ta. Na zauna tsakanin kangaye, ni ne ladan, ni ne liman, ni ne sahu. Jakin ma ya mutu ya bar ni da ɓera.

Abin da na koya shi ne mutum ba ya ƙaura shi kaɗai. Abin da ka gudo wa yana cikin kayanka, yana jiran ruwan farko. Matasa masu shirin barin gida cikin fushi, ku tambayi manya kafin ku ɗauki komi, ko da ƙasa ce.

Wana ne ya zo ya same ni, ya tsufa, ya rame. Ya daɗe yana kallon furen nan, sannan ya ce babanmu ne ya bar waccan kusurwa saboda ƙudujin da ke cikinta, kuma rabona na gona yana nan, bai taɓa sa masa hauya ba. Da munka kama hanya, ya ce shi abu ɗaya bai gane ba: tunda na kasa tahiya sai da na ɗora gida bisa jaki, mi ya hana ni zama gidan?

Munka isa gida, na kama noman rabona kusa da nashi har ya rasu.