Fiffiken Hagu

Kakata Inna Delu ba ta san tatsuniya mai daɗin ƙarshe ba. A Gude, bayan sallar isha'i, takan zauna gaban murhu tana suyar gyaɗa, mu jikoki mun kewaye ta. Dokarta ɗaya ce: wanda ya yi kuka ba shi da rabo.

"Ga ta nan, ku buɗe kunne, ba na maimaitawa," in ji ta.

Wata 'yar kurciya ce take koyon tashi. Kullum da yamma sai ta hau reshen tsamiya ta shelanta wa tsuntsaye abin da ta koya da abin da ya gagare ta. Shaho ya fi kowa yaba mata. "Madalla, 'yata, mai koyo ba ya jin kunya. Sai kuma me?" Ta ce fiffikenta na hagu har yanzu ba ya juyawa da sauri. Washegari ta hagu ya ɓullo mata.

Na fashe da kuka. Inna Delu ta yi dariya har da tari, ta juye gyaɗata a tafin yayana. "Yo wa ya aike ta? Ƙurunƙus, sai gashi a gindin tsamiya." Ranar na tsani tsohuwar nan, ba na ɓoyewa.

Bara kamfanin iri da taki da nake wa aiki a Gwarzo, wanda da albashinsa nake riƙe marayuna biyu, ya tura mu horo. Aka ce kowa ya buɗe shafinsa a intanet, bulog suke ce masa, ya riƙa rubuta abin da ya koya. Alhaji manajanmu ya ce, "Hadiza 'yata, har kurakuran ki sa, da haka ake koyo."

Abokan aikina suka cika nasu da godiya ga shugabanni. Ni kuwa, sarkin ƙwazo, na zage na rubuta gaskiya: rajistar manoma a waya tana rikita ni, har na taɓa cakuɗa mutanen Sabon Birni da na Kabo. Alhaji ba ya fashin yabo a ƙasan rubutuna.

Da aka tashi rage ma'aikata bai wahalar da kansa ba. Ya buɗe shafina a gaban kowa, ya karanta a tsanake, ya ce, "Ba ni na faɗa ba, ke kika faɗa."

Na ɗauki jakata, idona a bushe. Inna Delu ta daɗe a ƙasa, kuma har yau ban yafe mata gyaɗata ba. Amma ta nuna min shaho tun ina ƙarama. Ni ce na tsaya kukan kurciya, ban riƙe muryarsa ba.