Jarumtar Goggo Dudu

Muna ta shawagi a kan Jimeta, matuƙin jirgi ya sanar cikin Turanci cewa tayoyi sun ƙi fitowa. Zamanin Jihar Arewa maso Gabas ne, ni da Goggona Dudu muna dawowa daga Maiduguri a ƙaramin jirgi.

Manyan ma'aikata masu kwat sai kuka da salati. Goggo kuwa, da yake ba ta jin Turanci, goronta take ci.

Jirgin ya sauka da cikinsa, tartsatsi na tashi. Muka fito lafiya, kowa na yaba jarumtarta.

Na ce, "Goggo, ba ki ji tsoro ba? Babu taya fa muka sauka!"

"Au! Ba haka yake kwanciya kullum ba, kamar saniya?"

Nan take jarumar ta suma.

Har ta rasu dangi suna alfahari da ƙarfin zuciyarta. Ku ma kuna da irin wannan jarumar a gida?