Ranar da Yaya Ta Juya wa Fili Baya

Yayata malamar motsa jiki ce a makarantar firamare, kuma duk kayan aikinta ba su cika buhu ɗaya ba. Akwai usur, da igiya mai ƙulli a inda ta taɓa tsinkewa, da gwangwanayen madara da take jerawa su zama iyaka, sai ƙwallo ɗaya da ta fi daɗewa a wajen mai faci fiye da a fili. Sauran kuwa ni ce kamfaninta. Ni tela ce, duk ƙyallen da ya rage a shagona nata ne. In ɗinka 'yan jakunkuna kamar tafin hannu, ta ɗura yashi, in rufe baki. Ba ta taɓa tambayata ko ina da lokaci ba. Sai dai ta leƙo ta ce, "Ke, jajayen sun fashe," ta yi gaba.

Lissafi aka ɗauke ta ta koyar tun farko. Da malamin wasa ya yi ritaya aka rasa mai yarda ya tsaya a rana, aka duba aka ga ita ce ƙarama a cikin malamai. Ta fita filin tana kumbure-kumbure, ga shi yau ko aji mai fanka aka ba ta ba za ta koma ba. Ta iya haɗa wasa daga babu. Yara su riƙe hannun juna a da'ira, su zagaya da zoben igiya ta kai da ƙafa ba tare da sun saki ba. Ko su yi layi suna miƙa jakar yashi, wannan ta sama, wancan ta ƙarƙashin ƙafa. Dokarta ɗaya ce, ba a fitar da kowa. "Wanda aka fitar me ya koya?" in ji ta. "Zama?"

Sai ga autanta ya kai ajin da take fita da su fili. Auta ya karye tun yana ƙarami, ƙafar ta ɗoru amma ta ɗan gajarce. Yana gudu, sai dai gudunsa na ɗingishi ne, kowa ya riga shi. A gida Mama yake ce mata, a makaranta Malama, bai taɓa haɗa su ba. Duk ƙungiyar da ya faɗa sai ka ji ƙananan tsaki. Wata rana wani yaro ya ce a fili, "Shi ke nan, an cinye mu." Yaya ta ji da kunnenta.

A nan ta tafka kuskuren da sai uwa mai riƙe da usur za ta iya. Ta aiki Auta ofis ya ɗauko alli, ta tara ajin, ta ja musu kunne. Kada wanda ya sake yi masa tsawa, kada wanda ya ture shi. Yara kuwa suka bi umarni fiye da yadda ta nema. In za su miƙa masa jakar yashi, da hannu biyu suke miƙawa kamar an kawo wa baƙo ruwa. In ya yar, su ce "ba komai" suna satar kallon Malama. A wasan kamu ba mai bin sa. Yana tsaye a tsakiyar fili, kowa na kewaye shi yana wucewa.

Daga nan ciwon ciki ya fara, kuma ciwon ya san ranakun fita fili, Talata da Alhamis. Ya kwanta a kujerar falo ya naɗe, ga takalminsa ƙafa ɗaya a saka. Mijin Yaya mutum ne mai haƙuri, amma ya gaji. "Ki bar yaron nan a aji," ya ce. "Kansa na ja, ba da gudu zai ci abinci ba. In aka kai hutu bai daina ba, ni da kaina zan je in roƙi shugaban makaranta a cire shi daga wasan."

Abin da Yaya ke tsoro ke nan. Ta ga yaran da aka bari a aji suna leƙen fili ta taga. Ta ce duk shekarunta ba ta ga wanda ya zauna a tagar nan ya sake fitowa ba. Ta rame. Takan zo shagona ta zauna a kan tarin yadi tana warware ɗinkin da ban ce ta warware ba. Ni ma hankalina ya tashi, na daina tsokanarta.

Ni Auta ya gaya wa, ina gyara masa wandon makaranta. "Inna, ni ƙaya ce a jikina? Ba wanda yake taɓa ni." Da na kai mata maganar ta dafe kai. "Na ɓata," ta ce. "To yanzu in tara su in ce me? Ku yi wa ɗana tsawa?"

Hutu na matsowa ta bi masu shaguna tana roƙon kwalaye. Ta yayyanka su faifai-faifai. Filin zai zama rafi, kwali ne kawai tudu. Kowace ƙungiya za ta tsallaka, amma kwalayen ba su kai yawan yaran ba, dole a cunkusu, a rirriƙe juna, na baya ya ɗago kwalin ƙarshe a miƙa shi gaba. Ƙafar mutum ɗaya ta taɓa ƙasa, duk ƙungiyar ta koma farko.

"Yaya, lafiyarki kuwa?" na ce. "Ai Auta ne zai fara faɗuwa."

"Na sani."

"To?"

"Idona suke kallo. Ranar Talata ki zo da jakunkuna kamar kin kawo mini saƙo. Zan juya musu baya, ke ki riƙa gaya mini."

Da ƙyar ta lallaɓo shi ya fito ranar. Na rufe shago na je da buhun jakunkuna. Ta raba yaran ƙungiya-ƙungiya, ta yi bayani, ta busa usur, sannan ta juya ta fuskanci katanga tana ta laluben buhuna kamar akwai abin nema a ciki.

"Yana ina?"

"Na biyun ƙarshe."

"Sun riƙe shi?"

"A'a. Sun bar masa kwali guda shi kaɗai, su sun cunkushe a sauran."

Ta runtse ido. Amma wasan bai yarda da kara ba. Kwalin da suka bar masa shi suke bukata a gaba, ga sauran ƙungiyoyi sun yi nisa. Yaran suka waiwayo neman idon Malama, suka ga ƙeya. Wata 'yar siririya mai bakin tsiya ta damƙo rigarsa ta fizgo shi cikinsu. Ya yi tangal-tangal, gajeriyar ƙafar ta sauka a ƙasa, ya kife gaba ɗaya.

"Ya faɗi," na ce.

"Jini?"

"Gwiwa ce, kaɗan."

Na ga kafaɗarta ta motsa za ta juya. Na riƙe mata hannu a cikin buhun. Filin ya yi tsit, irin shirun nan da ya fi komai ba ta tsoro. Sai muryar siririyar ta tashi: "Kai dalla tashi! Ka ja mana, sai mun koma farko!"

Auta ya miƙe yana kakkaɓe wando. "Ke kika fizge ni! Wa ya ce ki fizge ni?"

"To ka riƙe ni mana!"

Suka koma farko suna ta cacar baki, wani ya cafki wuyan rigarsa, shi ya cafki na gabansa. Yaya ba ta juyo ba sai da ta goge fuska da gefen mayafi. Ƙungiyarsu ce ta zo ƙarshe, da nisa ma.

Duk da haka hankalinta bai kwanta ba. A hanya Auta yana gaba yana ɗingishi fiye da kullum. A gida ta zaunar da shi tana wanke masa gwiwa, babansa na tsaye a bakin ƙofa yana kallon ciwon, fuskar nan a murtuke. Ni dai na ƙudurta yau za a yanke maganar cire shi daga wasan.

"Mama," in ji Auta.

Audugar ta tsaya a hannunta. "Na'am?"

"Ranar Alhamis kar ki haɗa ni da yarinyar nan. Ko ajiye kwali ba ta iya ba."