Idanun Kak Leha

Da ta sallame sallar asuba, Zaleha binti Dahlan takan fito bakin titin Balik Pulau ta jira shuɗiyar motar ma'aikata, ƙunshin shinkafar karin kumallo, nasi lemak, a hannu. Shekara talatin da 'yan kai tana wannan sammako. Mu a masana'antarmu ta Bayan Lepas, Kak Leha muke ce mata, wato Yaya Leha, babba da yaro, don ita ce yayar kowa a layi na uku.

Ɗakin aikinmu ba a shigarsa da fuska a buɗe. Farar riga ce daga kai har ƙafa, ga takunkumi, ga safar hannu, ido kaɗai ake bari. Abin da muke haɗawa bai fi ƙwayar shinkafa ba, amma shi ke jin karo a mota ya buɗe jakar iska, kuma 'yar ƙura ɗaya ta isa ta kashe shi. Shi ya sa Kak Leha ke tsayawa a ƙofa tana ƙare wa kowa kallo.

"Ke, hoda kika shafa?" in ji ta ga sabuwar zuwa. "Wa za ki burge a nan, injin? Je ki wanke, ina jiran ki."

Sauran yinin kuwa, idonta na kan madubin ƙara girma, tana duba wayoyin da suka fi gashi siranta.

Tsofaffin layin ba su manta shekarar da aka sa sunanta cikin masu hawa ofishin bene ba. Ana saura kaɗan, wata yarinya mai suna Thevaki ta manta ɗaura igiyar wuyan hannu, wadda ke hana lantarkin jikin mutum ƙona kaya. Faranti guda na kayan da muke haɗawa ya lalace. Manaja ya sauko yana huci, yana tambayar ko wace ce. Duk cikin fararen kaya muke, ba ya iya bambanta mu.

"Layina ne," in ji Kak Leha. "Ni ce ban duba ba."

"Kin san abin da wannan zai ja miki?"

"Na sani, ranka ya daɗe."

Kujerar bene ta tafi ga wani, ba a kuma sake kiran sunanta ba. Tun daga ranar ta ɗauki ɗabi'ar kama wuyan hannun kowa a ƙofa, ta lalubi igiyar kafin ta bar shi ya wuce. Thevaki kuwa, Kak Leha ta sa ta gaba da faɗa sai da ta koma karatu, ta zama injiniya, aka tura ta ƙasar waje. Yau ita ke riƙe da masana'anta sukutum a can.

Ke ce tsanin da aka taka aka hau, Kak Leha. Ke kika koya wa rabin mutanen benen nan yadda ake sa safar hannu, kuma har yau da zafi a raina cewa ba wanda ya leƙo ƙasa ya miƙo miki hannu.

Madubin nan shi ya cinye idanunta. Bana likita ya ce ta ajiye aiki. Ta ce mini ba barin aikin ke damun ta ba, tsoronta ta fita kamar ba ta taɓa shiga ba.

Ranar walimar sallama ta zo cikin koriyar rigarta ta salla, ɗauke da farantin kuih, kayan zaƙin da ta yi da hannunta. Ɗakin cin abinci ya cika da waɗanda ta raina, wasu daga nesa. Thevaki na tsaye a ƙofa tana baza ido. Da Kak Leha ta iso, sai Thevaki ta kira ta da Makcik, wato inna, kamar wadda ba ta sani ba.

"Makcik, ke ce mai kawo abinci? Ajiye can gefe, muna jiran babbar baƙuwa ne."

Kak Leha ta ajiye. Hawaye ya zo mata, ta ja bakin mayafinta ta rufe hanci da baki, ido kaɗai ya rage. A nan Thevaki ta waiwayo, ta daskare.

"Kak Leha."

"Matso, yarinya. Tun ɗazu na gane muryarki. Fuskar ce ba na gani."

Thevaki ta durƙusa tana kuka. Kak Leha ta kama wuyan hannunta, ta shiga lalube, kamar yadda ta saba a ƙofa.

Mun gode, Kak Leha. Allah ya saka miki da alheri, ya sanyaya miki waɗannan idanu. Ku kuma da aka ba ku mutane ku riƙe, ku riƙe su irin riƙonta, ku tsaya a gabansu ranar da suka yi kuskure. In kuma wani ya taɓa tsaya muku, ku je ku ga fuskarsa tun yana iya ganin taku.