Fuskata a Jikin Kofi

Ina shan shayi a shagon mamak, wato wurin shayi da abinci, da ke ƙasan gidanmu a unguwar Danau Kota, a nan ƙasar waje, sai Anti Rifkatu, maƙwabciyata da ta dawo daga garinmu Jos, ta dire min kofin roba. Hotona ne a jiki, da doguwar riga da hular bikin yaye ɗalibai. An rubuta: Barka da kammala digiri.

Ni kuwa difloma na gama a wata ƙaramar kwaleji, tarihi kaɗan, adabi kaɗan. Wata mai zuwa zan shiga jami'a in ƙarasa.

Ashe hoton da na tura wa Mama ne. Ta yi liyafa, ta raba kofuna har a coci.

Na kira ta. "Mama, ba digiri ba ne fa. Saura shekara biyu."

Ta ce, "Wato ba bana za ki dawo ba?"

"Ba bana ba."

"To. Da ma na sa an yi wa ɗakinki fenti ne. Sai in rufe shi kada ya yi ƙura."

Ni rubutun kofi na kira in gyara, ita kuwa dawowata take jira. Ku da ke karatu nesa da gida, yaya kuke amsa wannan tambayar?